Na gama digirin digirgir a kan alaƙar addinai, ina zan samu jagora da tallafin bincike?

Wa'alaikumus salam Malama. Na karanta tambayarki, kin ce kin kammala digirin digirgir a kan yadda malaman Musulunci da na Kirista suke fassara nassosin da suka shafi zama da wanda ba addininsu ɗaya ba, malamin da ya duba miki aikin ya yi ritaya, a sashen da kike koyarwa babu wanda yake wannan layin, kin nemi tallafi ba a dace ba, shine kike tambaya ina ake samun feloshif, wato gurbin horo ko bincike da wata cibiya ke ɗaukar nauyinsa, kuma ta yaya mutum zai samu wanda zai riƙa masa hannu. Toh ƙanwata, ni zan juya tambayar ne, zan sa jagora a gaba kuɗi a baya, saboda a abinda na gani cikin wannan harkar, wanda ya samu mai karanta masa rubutu tsakani da Allah tallafi yana zuwa masa ko ba daɗe ko ba jima, amma wanda ya samu tallafi ba mai duba masa aiki sai ki ga shekara ta ƙare ya dawo da hotuna da satifiket, binciken yana nan inda ya barshi.

Da farko ki sani kaɗaicin nan da kike ji ba daga gare ki bane, fannin ne ƙarami kuma sabo. Mutane sun daɗe suna rubutu kan addinan juna, amma a ce ga fanni mai zaman kansa a jami'a wanda aikinsa duba abinda ke gudana tsakanin mabiya addinai, wannan kwanan nan ne. Ƙungiyar Turai ta masu wannan nazarin, ESITIS, a 2005 aka kafa ta. Babbar ƙungiyar masu nazarin addini ta Amurka, AAR, sai a 2013 ta buɗe wa fannin rukuni nasa, ƙungiyar fannin kuma ta can sai 2017. Kinga kenan yawancin manyan farfesoshin da kike karanta rubutunsu ba da sunan wannan fannin suka yi digiri ba, wani daga tauhidin Kirista ya fito, wani daga nazarin Musulunci, wani daga tarihi ko ilimin zamantakewa. Abinda hakan ke jawowa shine ke kina tsakiya, 'yan nazarin Musulunci suna ganin kin tafi wajen Kiristoci, su kuma 'yan nazarin Kiristanci suna ganin baƙuwa ce ke, kuma kwamitin da zai duba takardarki ba lallai a samu ɗan fanninki ko ɗaya a ciki ba. Wannan ya kamata ki riƙe a rai duk lokacin da za ki rubuta wani abu na neman tallafi.

Sai kuma abinda na ga yana ruɗa matasa sosai, kalmar feloshif ɗin ana amfani da ita ga abubuwa iri biyu da ba su da haɗi sosai. Akwai na horar da masu aikin tattaunawa da sulhu, akwai na bincike. Misalin na farko shine na KAICIID, cibiyar tattaunawa tsakanin addinai da aka buɗe a Biyana ta ƙasar Austria a 2012 daga baya ta koma Lisbon a 2022, shirinsu na shekara ɗaya ne da suka fara a 2015, kina wajen aikinki ana kiranki horo lokaci-lokaci, a ƙarshe ki gudanar da wani ɗan aiki a cikin al'ummarki ko makarantarki. Akwai kwas ɗin bazara na cibiyar Bossey kusa da Jeniba, ta Majalisar Coci-coci ta Duniya, inda ake haɗa matasa Musulmi da Kirista da Yahudawa su zauna tare na 'yan makonni. Akwai shirin horar da masu aikin zaman lafiya na Hartford a Amurka, makarantar da ta canza suna a 2021 ta zama jami'ar addini da zaman lafiya. A Roma kuma an taɓa samun tallafin Russell Berrie a jami'ar Angelicum, shi ya fi karkata ga alaƙar Kirista da Yahudawa. Duk waɗannan suna da amfani wallahi, za ki san mutane, za ki koyi yadda ake zama da wanda kuka saɓa a aƙida ba tare da an yi faɗa ko an yi munafunci ba, kuma daga nan mutane da yawa suke haɗuwa da wanda zai zama jagoransu. Amma ba za su ba ki wata goma sha biyu na zama a laburare ki mayar da kundinki littafi ba, ba don haka aka yi su ba. In abinda kike nema ƙarin girma a jami'a ne da suna a bincike, kar ki ƙare shekarunki na farko kina tsalle daga wannan bita zuwa waccan.

Na bincike kuwa, yawancinsu ba ma a rubuta nazarin addinai a jikinsu, na kowa da kowa ne, ke ce za ki shiga da maudu'inki. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da shirin Georg Forster na masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, wanda bai wuce shekara huɗu da gama digirin digirgir ba zai iya samun wata 6 zuwa 24. Tarayyar Turai tana da na Marie Curie, shekara ɗaya zuwa biyu, ga wanda bai wuce shekara takwas da gamawa ba. A Afirka ta Kudu cibiyar STIAS da ke Stellenbosch tana da Iso Lomso na matasan masu bincike 'yan Afirka, wanda ake alaƙa da mutum har shekara uku. Ki lura da abu biyu anan. Agogo ya fara bugawa tun ranar da aka ba ki digiri, duk da cewa Humboldt da Marie Curie suna cire lokacin haihuwa da reno daga lissafi in kin nuna shaida, mata da yawa basu san haka ba sai su zauna suna cewa lokacinsu ya wuce. Abu na biyu shine wanda ya dawo da mu kan maganata, Humboldt ba za su duba takardarki ba sai da malamin da ya yarda zai karɓi baƙuncinki a Jamus, Marie Curie ma tare da jami'ar da za ta karɓe ki ake cika fom ɗin. Wato jagoran ba ƙari bane, sharaɗi ne. Sharuɗɗan nan suna ɗan canzawa shekara-shekara don haka ki karanta sanarwar bana da kanki daga shafinsu, kar ki dogara da abinda aka turo a WhatsApp.

Yanzu jagoran kansa. A wannan fannin ni ra'ayina guda ɗaya baya isa, biyu kike buƙata, kuma na biyun shine wanda ake yawan mantawa. Na farko wanda ya san hanyar jami'a, ya san wace mujalla ce za ta karɓi irin rubutunki, zai rubuta miki takardar shaida, zai ce miki wannan gurbin kar ki ɓata lokacinki. Na biyu kuma masani ne daga cikin ɗayan addinin da kike nazari, wanda ya karance shi daga tushe kuma yake rayuwa a cikinsa, wanda zai karanta babin da kika rubuta kan addininsa ya ce miki a'a, mu ba haka muke faɗa ba. Bari in ba ki misali da abinda na gani da idona. Wani ɗalibi Musulmi mai ƙoƙari ya rubuta babi guda kan yadda Kiristoci suke fahimtar ceto, ya yi karatu sosai, ya kawo ayoyi daga wasiƙun Bulus, mu da muka karanta daga ɓangarenmu bamu ga matsala ba. Da aka ba wata malamar tauhidin Kirista ta duba, sai ta dawo da shi duk gefen shafi rubutu, wajen da ya ce "Kiristoci sun yi imani da cewa" ta ja layi a ƙasa ta rubuta, waɗanne? Ta nuna masa cewa abinda ya kawo ra'ayin Furotesta ne, Katolika ba haka suke jera maganar imani da aiki ba, 'yan Otodoks kuma da wasu kalmomi daban suke magana gaba ɗaya, kuma littattafai uku da ya fi dogara da su duk na masu raddi ne, ba na masu aƙidar ba. Bata ce masa ya yarda da komai ba, ta dai ce ka rubuta shi yadda in mai addinin ya karanta zai ce eh wannan nine. Haka ma ta ɗaya gefen, na ga ɗalibi Kirista ya gina hujja sukutum a kan hadisin da malaman hadisi suka daɗe da raunana shi, ya ɗauko daga intanet ba isnadi ba komai, malamin hadisi cikin minti biyar zai gane, amma shi da mai duba masa aikin duk basu gani ba. Irin wannan kuskuren in ya kai gaban mai tantancewa na mujalla ko na kwamitin tallafi, shikenan, ba zai ƙara yarda da sauran abinda kika rubuta ba ko da daidai ne. Ni a wajena wannan ma ba maganar samun tallafi bace kawai, amana ce, addinin mutane kike magana a kai, abinda suke rayuwa kuma suke mutuwa a kansa.

Wannan ya haɗa da harshe. Tunda aikinki kan tafsiri ne na ɓangarorin biyu, Larabcinki kaɗai ba zai kai ki ba, ki fara Girkancin Sabon Alkawari ko da kaɗan-kaɗan ne, yadda za ki iya buɗe nassin ki ga kalmar da ake gardama a kanta. Ba sabon abu bane a tarihin malamanmu, al-Biruni sai da ya koyi Sanskrit, tsohon harshen Indiya, kafin ya rubuta aikinsa kan Indiya wajen shekarar 1030. A ɓangaren Katolika akwai PISAI, cibiyar nazarin Larabci da Musulunci da aka fara a Tunisiya a 1926 ta koma Roma a 1964, limaman coci da sistoci suke zuwa su yi shekaru suna Larabci kafin su buɗe baki kan Musulunci. Francis Clooney na Harvard ɗan darikar Jesuit ta Katolika ne amma da Sanskrit da Tamil yake karanta nassosin Hindu. In kwamiti ya ga a takardarki kin fara harshen ɗayan ɓangaren, nan take sun san da gaske kike.

To ta yaya ake samun waɗannan mutanen? Ba da imel ɗin "ranka ya daɗe ina so ka zama jagorana" ba, irin wannan suna samunsa kullum kuma basu san me za su yi da shi ba, ko mai kirki ne sai ya yi shiru. Ki zaɓi mutum uku ko huɗu waɗanda kika yi amfani da rubutunsu sosai a kundinki, kuma kar ki tsaya kan manyan da kowa ya sani kawai, wanda yake tsakiyar aiki, ya fitar da littafinsa na farko ko na biyu, ya fi samun lokaci kuma shi ma yana neman ɗaliban da zai gina. Ki rubuta gajere, ki ce ni wance, na gama digiri kan kaza, na karanta maƙalarka ta shekara kaza, a wajen da ka ce kaza ni nassosin da na duba sun nuna min wani abu daban, ga shafi biyu na taƙaita, in ka samu lokaci zan so in ji ko na fahimce ka daidai. Iyakar kenan. Kin nuna kin karanta shi, kin kawo masa abinda bai sani ba, kuma abinda kika roƙa bai fi aikin rabin awa ba. In ya amsa ki gyara ki mayar masa cikin sati biyu ya ga shawararsa ta yi aiki, daga nan alaƙa take ƙulluwa, bayan wata shida ko shekara in kin ce masa ina son neman Humboldt ko za ka karɓe ni, ba baƙuwa ce take tambaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, masu rubuta wa farfesa saura kwana goma a rufe karɓar takardu su ne suke cewa Turawa basa amsa imel. In bai amsa ba ki tuna masa sau ɗaya bayan sati uku, in shiru ki wuce na gaba ba tare da kin sa a ranki ba.

Kuma dan Allah ki san cewa ba kowane babba bane jagora. Wanda zai ce ki sa sunansa a maƙalar da bai rubuta ko layi ɗaya ba, wanda kullum aikinsa yake ba ki naki yana ajiye, wanda baya so ki yi magana da wani malami sai ta hannunsa, wanda yake son haɗuwa a wurare da lokutan da hankalinki bai kwanta da su ba, ki ja jiki da wuri cikin ladabi. Akwai kuma wani abu na musamman a fanninmu da yake min ciwo, a gayyaci matashiya Musulma mai hijabi taro don kawai a cika hoto, a ce ta faɗi "ra'ayin Musulunci" cikin minti bakwai, ba wanda ya tambaye ta bincikenta. In aka gayyace ki ki tambaya, zan gabatar da maƙalata ne ko kuwa? In za ki gabatar ki je. In ba haka ba ki auna ko akwai wanda kike son haɗuwa da shi a wurin, in babu ki zauna ki yi rubutunki.

Maganar furofozal ɗin da aka ƙi kuwa, wato takardar tsarin binciken da kika nemi tallafi da ita, ban gani ba amma zan iya hasashen sakin layi na farko, domin kusan duk na fannin nan da haka suke farawa, duniya tana cikin rikicin addini, akwai buƙatar fahimtar juna, wannan bincike zai kawo zaman lafiya. Mai tantancewa ya karanta irin wannan sau talatin kafin ya zo kan naki. Kowa ya yarda zaman lafiya abu ne mai kyau, ba shi ake ba kuɗi ba, tambaya ake ba kuɗi. Ki fara da abu takamaimai, misali a Oktoban 2007 malaman Musulunci 138 suka aika wa shugabannin Kirista buɗaɗɗiyar wasiƙa da suka gina kan aya ta 64 ta Suratu Ali Imrana, to ya malaman tafsiri na da suka fahimci ayar, ya masu wasiƙar suka karanta ta, me ya canza a tsakani kuma su Kiristocin da suka mayar da amsa da wace fahimtar suka yi aiki? Kinga wannan tambaya ce da take da nassosi sanannu, tana da iyaka, za a iya gamawa a shekara biyu, kuma ɗan tarihi ko ɗan ilimin zamantakewa da ke cikin kwamiti zai gane ta ba sai ya san fannin ba. Bayan nan ki faɗi me aka riga aka rubuta da inda ya tsaya, waɗanne nassosi ko mutane za ki duba, me yasa sai a wannan jami'ar da wannan malamin, da abinda zai fito a ƙarshe, maƙala biyu ko littafi. Amfanin aikin ga al'umma ki ajiye shi can ƙasa, ki faɗe shi daidai gwargwado kar ki yi alƙawarin abinda littafi ba zai iya yi ba. Georg Forster su suna so ki nuna alaƙar aikin da cigaban ƙasarki, nan sai ki faɗaɗa wannan ɓangaren.

Kafin ki sake nema ki fitar da maƙala ɗaya mai kyau daga babin da ya fi ƙarfi a kundinki. Ɗaya a mujallar da 'yan fannin suke karantawa ta fi goma a waɗanda ake biya a buga cikin sati ɗaya, waɗancan ma rage miki daraja suke a idon kwamitin waje. Ki duba Islam and Christian-Muslim Relations, ko The Muslim World wadda take fitowa tun 1911, ko Islamochristiana ta PISAI, ko Journal of Interreligious Studies wadda ake karantawa kyauta a intanet kuma tana buɗe wa matasa ƙofa. Za su dawo miki da gyara mai zafi, wani lokacin shafi uku, ki ɗauke shi a matsayin jagoranci na kyauta daga mutanen da ba za ki taɓa sanin sunansu ba.

Akwai abinda ba a rubutawa a fom amma zai same ki. Wasu daga cikin naki za su yi miki kallon mai sassauci a addini don kina zama da littattafan wasu, wasu masu ba da kuɗin kuma suna da abinda suke so a ce, wani yana son a ce duk addinai ɗaya ne, wata gwamnati tana son a wanke mata suna. Ki karanta wa ya kafa cibiyar da kuma wa yake biya kafin ki sa hannu, ba don ki ƙi ba sai don ki shiga da idonki a buɗe. Ba a buƙatar ki ajiye imaninki a bakin ƙofa, mafi yawan waɗanda na sani masu ƙarfi a fannin nan masu riƙo da addininsu ne sosai, abinda ake buƙata ki iya faɗin inda aka saɓa ba tare da kin yi wa ɗayan ƙarya ba. Anan ma jagora yake da rana, wanda ya riga ya sha irin wannan maganganun zai gaya miki wanne za ki amsa wanne za ki bari ya wuce.

Malaminki da ya yi ritaya kuma kar ki cire shi daga lissafi, ritaya bata hana rubuta takardar shaida, kuma shi ya fi kowa sanin aikinki, sau da yawa ma yanzu ne yake da lokaci. Ki ba masu rubuta miki shaida aƙalla wata ɗaya, ki haɗa musu furofozal ɗin da sanarwar da takardar tarihin karatunki a imel ɗaya don kar su rubuta yabo na gama-gari. Wuraren da suka ƙi ki a baya ki rubuta musu ki nemi bayanin masu tantancewa in suna bayarwa, Marie Curie misali suna turo rahoto mai maki da inda aka ga rauni. In kin samu ki turo min tare da shafi biyun da na ce ki taƙaita da sunayen mutum huɗun da kika zaɓa, sai mu duba wanda ya kamata ki fara rubuta wa.